Sunsunau da Kwandon Inna

Jiya da dare, bayan na gaji da juyi a kan katifa, na yi wani mafarki da har yanzu ban gama jin haushinsa ba.

Kafin in faɗe shi sai an san inda na kwana. Sunana Haladu, duba-gari ne ni, shekara goma sha tara ina bin lunguna da hancina ina rubuta wa mutane takarda. Tun ranar Litinin akwai takarda guda a aljihun kakina da na kasa sa wa hannu. Wasu sababbin maƙwabta ne suka kai koke a kan wani tsohon gida da ke bayan marina, wai wari ya hana su buɗe taga. Gidan na mahaifiyata ne, Inna Tasalla mai daddawa. In na sa hannu, an rufe mata sana'a ke nan. Ogana ya ba ni zuwa Alhamis, jiya kuwa Laraba ce.

To sai na tsinci kaina a bakin wata tasha da hantsi, sanye da kakina. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Mutanen garin kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta, yana jan ta da ƙafa. Ni da ban zo da lema ba, hulata a bushe take, wandona kuwa ya jiƙe ta ciki har ƙugu. Ban yi mamaki ba. Haushi dai na ji, don wandon kaki ɗaya gare ni.

Wani abu ya bugi idon sawuna. Na duba ƙasa, sai ga mutum-mutumin inji, tsayinsa bai wuce bokiti ba, yana tafiya a kan taya uku. Ba ido, ba kunne. A gabansa akwai dogon tiyo irin na zuƙar fetur, yana shaƙar iska da shi. A bisa kansa 'yar tuta ce da ke nuna masa inda iska ta fito, a ƙirjinsa kuma gilashi mai nuna lamba.

"Ɗari biyu da shida," in ji shi.

"Sannu," na ce.

"Ɗari biyu da tara."

"Malam, ka taka ni fa."

"Ofis," in ji shi.

Sai ga mu a ofis. A teburin farko wata jar akuya ce zaune da tabarau. Duk takardar da ta shigo sai ta karɓa ta tauna ta haɗiye, shi ne an shigar da ita fayil. Wanda yake son tsohuwar takarda sai ya zauna a benci ya jira ta yi tuƙa. Na tarar da wani dattijo a bencin, ya ce shekara uku ke nan yana jiran takardar filinsa, amma ana ba shi ƙwarin gwiwa.

Darakta bunsuru ne, da babbar riga da gemu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da bunsuru a tsakiyar damina ya san abin da ya tarye ni a ɗakin nan. Idona ya kawo ruwa tun daga bakin ƙofa. A jikin bango kuwa injina bakwai ne a jere, irin wanda ya kawo ni, kowanne gilashinsa yana nuna sifiri.

"Ranka ya daɗe," na ce, "injinan nan lafiyarsu ƙalau kuwa?"

"Ƙalau. Kowace safiya a jikina ake saita su. Iska mai tsabta ita ce sifiri, a garin nan kuma ni ne sifiri."

Na gyaɗa kai. Na yi aiki a ƙarƙashin ogogi da yawa, na san lokacin da ake gyaɗa kai.

"Sunansu Sunsunau," ya ci gaba. "Dukansu, don kada a yi rigima. Wani wari ya shigo mana gari ba takarda, yau kwana biyu. A dokar garin nan kowane wari sai an bi shi har tushensa, a buɗe tushen, a zura masa hanci, a rufe shi da hatimi. Muna so a gama kafin la'asar."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

"Su suna da hanci, ba su da hannu. Mu muna da ofis, amma kofato ba ya riƙe biro. Kai za ka sa hannu."

Ya turo mini takarda da baki. Ita ce dai ta aljihuna, har da ɗigon man gyaɗan da ke kusurwarta. Abu ɗaya ya ƙaru, wani layi a ƙasa da aka rubuta "Tushen wari", aka bar gabansa fili.

Daga nan ya sa ƙaho ya buɗe taga don in ji da kaina. Iska ta shigo, ta ratsa warinsa da ƙyar ta iso gare ni. Ko daga kabari aka tashe ni zan gane warin da ta kawo. Daddawa ce a rufe, ta kwana biyu. Akwai kalwa a ciki, akwai toka, akwai ɗumin tsohon buhu, akwai kuma ganyen gwanda, wanda a duk masu daddawar da na sani Inna kaɗai ke shimfiɗa shi a kwando.

Na san ƙa'idar. In an dafa kalwa, an surfe, an wanke, an sake dafawa, sai a zuba a kwando da zafinta a lulluɓe, ba a sake taɓa ta sai safiyar kwana na uku. Aka ɗaga buhun kafin nan, zafi ya fita, iska ta shiga, to sai dai a zubar. Inna ko kaza ba ta bari ta ratsa ta gefen kwandon. Shekara shida ke nan da yanar ido ta makantar da ita, amma ba ta taɓa kuskuren rana ba, da hanci take ƙirga kwanakin. Mu ma da hanci take gane mu. Ina sa ƙafa a zaure za ta ce, "Auta ne," duk da turaren da nake fesawa kowace safiya.

"Ka san shi?" in ji Darakta.

"A'a, ranka ya daɗe. Ban taɓa jin irinsa ba."

Muka fita, ni da Sunsunau bakwai.

Zan faɗi yadda suke aiki, don na kalle su har na ƙoshi. Sai su ɗaga tiyo su shaƙa. In lamba ta motsa, su duba tuta, su nufi inda iska ke fitowa. In warin ya ɓace musu, su yi hagu, su yi dama, su sake yin hagu, kamar mai neman allurar da ta faɗi a tsakar gida. In duk da haka bai dawo ba, su fara kewaya wuri guda, da'irar tana faɗi, har sai ɗayansu ya faɗa kwata. Ni ke tsamo shi. A cikin awa guda na tsamo huɗu, ba wanda ya ce mini sannu.

Muka zo wata bola da ta fi gidan sama tsayi, ƙudaje sun yi mata rumfa. Na ce to, ko banza a nan za su ɓata wuni. Suka tsaya, suka rusuna da tiyo, suka wuce. Ashe bolar tana da rajista, ga takardarta can a rataye cikin firam.

Gaba kaɗan suka kewaye wani nunannen mangwaro a kan faifan wata mata.

"Ɗari huɗu da goma," in ji na gaba.

"Wannan ai ƙamshi ne," na ce.

"Ɗari huɗu da goma sha ɗaya."

"Na ji. Amma wari kake ji ko ƙamshi?"

"Ɗari huɗu da goma sha ɗaya," ya maimaita a hankali, kamar ni ne ba na ganewa.

Aka kama mangwaron. Matar ta ce ba komai, dama tun jiya take zarginsa.

Ƙarfe goma sha biyu daidai tutocinsu suka kwanta, duk suka tsaya cak a tsakiyar titi. Iskar garin ma'aikaciya ce, ta tafi hutun rana. Mun same ta zaune a gindin dalbejiya tana fifita. Na gaishe ta, na tambaye ta yaushe za ta koma bakin aiki. Ta ce in na matsu in hura da kaina.

Da ta dawo, ta kwaso hayaƙin wani mai tsire ta watsa mana. Hancin Sunsunau ya cika, dukansu suka maƙale a kan ɗari tara da casa'in da tara, suna atishawa. Hancin nasu haka yake, saurin ɗauka gare shi, saki kuwa sai an yi da gaske. Dole aka aika ofis, jar akuyar nan ta zo da singiletin Darakta a baki. Suka yi layi suna shaƙa ɗaya bayan ɗaya har kowa ya koma sifiri. Ni na koma bayan wata bishiya ina neman numfashi.

A bayan bishiyar ne dabara ta zo mini. Warin daga yamma yake zuwa, hancina ya gaya mini tun da safe. In na ja su gabas har la'asar ta wuce, ofis zai tashi, kwandon Inna ya kwana lafiya. Na gyara hula na kama hanyar gabas, ina tafiya irin ta wanda ya san abin da yake yi.

Suka biyo ni kuwa, su bakwai, a layi. Muka bi ta ƙarƙashin wani kogi da ke gudu a saman gada. Muka wuce wani tela da ke yi wa mutane ƙarin tsawon inuwa. Duk inda na karkata sai su karkata. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara raina wanda ya ƙera su. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa inji mai bin wari yake bin mutum ba.

A wani shataletale suka sha gabana. Suka kewaye ni, da'irar tana matsewa.

"Ɗari biyar da tamanin."

"Ɗari shida da arba'in."

Ɗaya ya miƙe tiyonsa ya zura mini a wuyan riga. Sanyi gare shi.

"Tushe," in ji shi.

"Tushe," sauran suka amsa.

Mutane suka taru a cikin lemominsu. Kowa ya sa yatsa biyu ya toshe hanci, aka ja baya aka bar mini fili. Na san wannan filin. Shi ne wanda ake bar mini a benci tun ina aji uku, lokacin da sunana a makaranta Ɗan Daddawa. Shekara talatin da wani abu na yi ina wanke sunan nan da sabulu da turare, na zaɓi aikin da ni zan riƙa ce wa mutane suna wari. Yau ga bokiti mai taya ya tona ni a tsakiyar gari.

Darakta ya iso a bayan Keke Napep, rigarsa na jan ƙasa.

"Ashe kai ne?"

"Ranka ya daɗe, ni ma'aikaci ne."

"Ma'aikaci ma yana iya zama tushe, mun taɓa rufe wani akawu. Abu biyu ne. Ko dai daga jikinka yake fitowa, ko kuwa ɗebo shi ka yi a wani wuri. In ɗebowa ce, wanki ya isa."

"Ɗebowa ce," na ce da sauri. "A wanke ni."

Kunya ce ta sa na faɗa, kuma ban yi tunanin komai ba bayan mutanen nan su sauke hannu daga hancinsu.

Gidan wankan ba shi da rufi, daɓensa duk huda ne, ruwan yana fesowa ta ƙasa. Agwagi biyu ne ma'aikatan, kowace da soso a baki. Suka dirje ni kamar tukunyar da ta kama. Ruwan da ke fita daga jikina ruwan ƙasa-ƙasa ne, ina kallonsa yana hawa sama. Na ga hayaƙin murhunmu ya tafi a ciki. Na ga sanyin rafin da muke wanke kalwa ya bi shi. Daga ƙarshe wani abu ya fita daga tsakiyar bayana, ya ɗan yi jinkiri a saman kaina kafin ya tafi, na gane ƙamshin zanin da aka goya ni da shi ne. Duk suka haɗu suka zama wani ɗan gajimare, iska ta tura shi gefe.

Sunsunau ɗaya ya matso ya shaƙa.

"Sifiri."

"Barka," in ji jar akuya. "Yanzu kai da Darakta ɗaya kuke."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Daɗin ya kai tsawon lokacin da na ɗauka ina ɗaura wando.

Ina ɗagowa na ga tutoci bakwai sun juya lokaci guda. Tiyo bakwai suka miƙe suka nuna yamma. Babu hagu, babu dama, babu faɗawa kwata. Suka tafi a miƙe kamar an ja su da zare.

"Mun gode fa," in ji akuyar. "Ashe kai ka dame su tun safe. Naka ya rufe musu na gaskiyar."

A nan na gane abin da na yi. Warin da ke jikina shi ne katangar da ke tsakaninsu da Inna, na kuwa tsaya da ƙafata na ce a rushe ta.

Na zuba da gudu. Sai na ga gidan wankan yana matsowa, yamma tana nisa. A garin nan gudu baya yake kai mutum, wani mai lema ya gaya mini, in kana sauri sai ka yi a hankali. Haka na bi titi ina taku ɗai-ɗai, hannu a baya, kamar mai rakiyar baƙo. Ban taɓa jin takaicin tafiya irin wannan ba.

Gidanmu yana nan yadda yake, sai dai dogayen gidaje sun kewaye shi, kowace taga an matse mata hanci da abin shanya. Na riga Sunsunau isa da kaɗan, don a ƙarshe har tsayawa na riƙa yi. Na ratsa zaure. Ba wanda ya ce komai.

Inna tana zaune a tabarma a ƙofar ɗakin girki, kwandon yana gefenta lulluɓe da buhuna. Ta ɗora tafin hannu a kansa tana jin ɗuminsa, yadda take taɓa mana goshi in muna zazzaɓi.

Na yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Inna, ni ne."

Ta ɗaga kai, ta ja iska sau biyu. Ta juya fuska wajen zaure, ta sake ja.

"Muryar kam ta Auta ce," ta ce, "amma ba kowa a wurin. Ko rediyo aka kunna?"

Tun da nake ban taɓa shiga gidan nan a matsayin baƙo ba, abin ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai ga Sunsunau sun afko ciki.

"Kai, ku koma," in ji Inna. "Gidan mutane ne, ba a shiga ba sallama."

Suka koma zaure, suka yi ƙara sau ɗaya, suka sake shigowa a hankali. Ni tun safe nake fama da su ba su taɓa jin maganata ba. Ta tura musu kwanon ruwa, ta ce su sha, sun sha hanya.

"Dubu ɗaya da ɗari biyu," in ji na gaba, tiyonsa na rawa.

"Kwana biyu da wuni dai," in ji Inna. Ta laluba ta kama tiyon, ta shafa shi tun daga baki har gindi. "Hanci har hanci. Amma ba a koya masa komai ba."

Darakta ya shigo, akuyar tana biye. Inna ta ɗan kawar da kai, ta ce wa ya bar garke a buɗe.

"Ga tushe," in ji Darakta. "A buɗe, a zura hanci, mai biro ya sa hannu. La'asar ta kusa."

Inna ta ɗora hannu na biyu a kan buhun.

"Yallaɓai, ku yi wa Allah ku bari sai gobe da hantsi. In aka ɗaga yanzu, wahalar kwana biyar ta tafi a banza. Gobe da kaina zan buɗe muku, har in ba ku ta miya."

"Doka ba ta san gobe ba, Hajiya."

"To ai ina da ɗa a irin aikinku. Duba-gari ne. Da yana nan da ya yi muku bayani, shi ya san wannan ba ƙazanta ba ce." Ta juyo daidai inda nake tsaye. "Kai mai biro, ko ka san shi? Haladu sunansa."

"Na san shi," na ce.

"Yaron kirki ne. Aiki ne ya yi masa yawa, shi ya sa tun Litinin bai leƙo ba."

Tiyo ɗaya ya riga ya lallaɓa ya kama gefen buhun. Na ga toka ta fara zubowa.

Na durƙusa na rungume kwandon, na danne gefen buhun da gwiwa. Ɗuminsa ya ratsa kakina ya shiga ƙirjina. Na zaro takardar, na ɗora ta a kan buhun, a layin nan na "Tushen wari" na rubuta sunana da manyan baƙaƙe, na sa hannu.

Darakta ya sunkuyo ya karanta.

"Kai an wanke ka. Lambarka sifiri."

"Ranka ya daɗe, kwandon nan ba tushe ba ne, baƙo ne. Gobe za a kwashe shi, jibi ya shiga miyar mutane. Ni kuwa shekara arba'in da bakwai ana zuba mini shi. Da shi aka yi ƙashina, da shi aka yi karatuna, kakin nan ma daga cikinsa ya fito. In tushe kuke nema, ga ni."

Na shirya musu dogon musu, har na tanadi misalai. Akuyar ta miƙo wuya ta fizge takardar, ta tauna, ta haɗiye.

"Ta shiga fayil," in ji ta.

"Shi ke nan," in ji Darakta. "Tushe shi ne abin da aka rubuta a layin."

"Haka kawai?"

"Haka kawai. Da ka rubuta tun a ofis, da ba mu ƙona batir ba."

Na dube shi, na dubi injinan da na wuni ina tsamowa daga kwata. Na so in faɗi magana, na tuna a gaban Inna nake.

"Sai dai ka cire kakin," ya ƙara. "Tushe ba ya zama duba-gari."

Na tsaya da hannu a kan maɓalli. Shekara goma sha tara ba wasa ba ce, kuma ina son kakin nan, ina son yadda ake tashi tsaye in na shiga layi. Na cire shi dai, na ninke, na miƙa. Akuyar ta fara da aljihu.

Saura a rufe tushe. A nan aka sake tsayawa, don Sunsunau ba hannu, awaki kuma kofato. Darakta ya yi gyaran murya ya roƙi Inna ko za ta taimaka wa hukuma, tunda ita ta san kan rufi.

"Kawo shi nan," in ji ta. "Allah ya sa an wanke shi da kyau."

"An wanke shi," duk suka amsa.

Ta shimfiɗa ganyen gwanda a gefen kwandon, ta ce in kwanta. Ta barbaɗa mini toka. Ta jawo tsofaffin buhunan da suka shekara suna rufe daddawa, ta lulluɓe ni tun daga ƙafa, tana cusa gefe-gefe don kada iska ta shiga. Zufa ta karyo mini. Can wajen ƙafata na ji wani Sunsunau yana cewa uku, sannan goma sha biyu, sannan hamsin.

Da ta zo wuyana ta sunkuya za ta cusa buhun, sai hannunta ya tsaya. Ta matso da fuska kusa da kaina. Ta ja iska a hankali.

"A'a. Auta? Yaushe ka shigo?"

"Tun ɗazu, Inna."

"Shi ne ba ka yi magana ba? Ka ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To kwanta, kar ka motsa. Ba ka nuna ba tukuna."

Ta ja buhun ta rufe mini fuska. Ciki duhu ne da ɗumi, warin ya cika ko'ina, ban kuma taɓa jin wurin da ya fi shi daɗin kwanciya ba. Daga waje wani Sunsunau da bai ji an tashi aiki ba ya ci gaba da bugun gefena, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar kuwa daga kicin take zuwa. Matata Hansatu ce ke kankare gindin gwangwani da cokali.

"Malam, ka tashi?" ta ce daga can. "Daddawar Inna ta ƙare. In za ka bi ta wajenta yau, ka taho mana da ita."

Kakina yana rataye a ƙusa, kan takardar ya leƙo daga aljihu, ba a sa mata hannu ba. Na ce mata can zan fara zuwa. Na sa rigar, kwalbar turaren kuma na bar ta a inda take.